Ni da sandar tsohon nan sunanmu ɗaya

Akwai wani tsoho a gidan kula da tsofaffi inda nake aiki a arewacin Ingila. Ya haura shekara tamanin da biyar, malamin makaranta ne a da, gwiwoyinsa sun gaji amma kansa garau yake. Ba ya son 'yar gajeriyar sandar ƙarfe da asibiti suka ba shi. Tasa doguwa ce ta icce, ta kai masa kafaɗa, wadda ya yi shekaru yana hawan tuddai da ita tun yana da ƙarfi, har wurin riƙewar ya yi baƙi ya yi santsi. Duk safiyar da nake bakin aiki ni nake taimaka masa ya tashi daga kujera. In tsaya ta hagunsa, in sa tafin hannuna a gadon bayansa, shi kuma ya damƙi sandar da dama, mu ƙirga ɗaya, biyu, uku, ya yunƙura. Wata safiya cikin tsananin sanyi, da ya miƙe yana mayar da numfashi, sai ya nuna katin da ke rataye a wuyana, wanda aka rubuta wa STAFF da manyan baƙaƙe, sannan ya ɗan girgiza sandar tasa ya ce, "Ka san kai da wannan sunanku ɗaya?"

Da farko na zaci ruɗewar tsufa ce ta fara taɓa shi. Ashe gaskiya ya faɗa, kuma tun ranar maganar ba ta bar raina ba.

Duk wanda ya yi makarantar boko a gida ya san kalmar nan tun yana yaro. Mun san sitaf rum, ɗakin malamai da ba ka shiga sai an aike ka ko ka yi laifi. Mun san sitaf kwatas, gidajen ma'aikata da ke can bayan filin ƙwallo. A jami'o'i akwai makarantar 'ya'yan ma'aikata da ake kira da wannan suna. A kanmu kalmar tana nufin mutane masu albashi, shi ke nan. Ba wanda ya taɓa gaya mana cewa ma'anarta ta asali, wadda ta riga ta ma'aikata da ɗaruruwan shekaru, ita ce sanda.

A tsohon Ingilishi, na fiye da shekara dubu da ta wuce, ana rubuta ta stæf, kuma doguwar sanda take nufi, irin ta matafiyi ko makiyayi, wadda ake dogarawa, a kuma kare kai da ita idan ta kama. 'Yan'uwanta suna nan a harsunan maƙwabta: Jamusawa na cewa Stab, mutanen Holan staf, na Suwidin stav. Jam'inta na da shi ne staves, daga nan kuma aka yanko wata kalmar, stave, wadda ta zama sunan sillen katakon da ake jerawa a haɗa ganga. Layuka biyar ɗin da mawaƙansu ke rubuta alamomin kiɗa a kai su ma da sunan sandar ake kiransu. Akwai kuma distaff, sandar da mata ke naɗa gashin tumaki a kai lokacin kaɗi, wadda ta shiga jinin harshen har ta zama hanyar cewa dangin uwa. Da na ji wannan sai na tuna kakata ta wajen uwa a tsakar gida da hantsi, taskira a gabanta, tana dangwalo alli da yatsu tana murza mazari. Mu ba mu sa wa dangin uwa sunan mazari ba, amma da an yi hakan ba wanda zai ce bai gane ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne cewa kalmar ta taɓa nufin harafi. Mutanen arewacin Turai na da suna da wani rubutu nasu kafin na Rumawa ya danne shi, wanda ake sassaƙawa a icce da dutse, kuma yawancin haruffansa miƙaƙƙun layuka ne a tsaye kamar an kafa sanduna. Shi ya sa tsohon Ingilishi ke kiran harafi bōcstæf, wato sandar littafi, ilimin nahawu kuma stæfcræft, wato sana'ar sanduna. Turawan Ingila sun ya da wannan suka ari kalmar harafi daga Faransanci, amma har gobe Bajamushe Buchstabe yake cewa, mutumin Suwidin kuma bokstav. Wanda ya yi makarantar allo ba zai ga abin baƙo ba. Mu ma da siffa muka san baƙaƙe kafin mu san su da komai: ba-guje, ha-kuri, lam-jaye, alu ja. Shi alu ɗin ai tsayuwar sanda yake yi a kan allo. Alƙalamin da muka rubuta shi da shi kuwa sillen gamba ne da muka fiƙe da reza, kuma sunan da Larabawa suka ba mu, ƙalam, su ma daga wata kalmar Girkanci mai nufin kara suka samo shi. Ilimi ya daɗe yana tafiya a kan tsinke da kara.

Akwai ma wata sandar Turawa da ta shigo Hausa ba mu ankara ba. Kalmar yard ta awo, daga wata tsohuwar kalma take mai nufin sanda ko tsumagiya. Ita ce muka mayar yadi. Duk ɗan kasuwar da ke Kantin Kwari yana ware shadda yana cewa yadi biyar, yadi goma, sunan wata tsohuwar sandar Ingila mai tsawon inci 36 yake kira, har sunan ya tashi daga ma'aunin ya koma kan tufar kanta.

To yaya aka yi sanda ta zama mutane? Ta hanyar soja. A Turai babban kwamanda yana riƙe 'yar sanda a matsayin alamar muƙaminsa, har yanzu ma mai muƙamin fil mashal, wato muƙami mafi girma a sojan ƙasa, yana da irin tasa. Jamusawa sai suka riƙa kiran hafsoshin da ke kewaye da kwamandan, masu tsara masa taswira da abinci da hanyar da runduna za ta bi, da sunan sandar, Stab. A ƙarni na 18 wannan ma'ana ta bayyana a Ingilishi. Daga bariki ta fito cikin gari, a ƙarni na 19 ta riga ta zama sunan ma'aikatan asibiti da makaranta da gidan jarida da kowane ofis. Shi ya sa kwalejin manyan hafsoshi ta Jaji ke ɗauke da kalmar a sunanta na Turanci, haka shi ma wanda gidajen rediyonmu ke kira shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa. A gindin duk waɗannan muƙamai akwai icce guda a hannun mai ba da umarni.

Sai dai akwai wata jijiya ta biyu a cikin kalmar, kuma ita tsohon nan yake nufi. Sanda abin dogaro ce. Turawa na kiran burodi "sandar rayuwa", maganar da ta samo tushe daga littafin Attaura, inda ake kwatanta yunwa da karyewar sandar abinci. Manyan limaman coci suna riƙe sanda mai lanƙwasasshen kai irin ta makiyayin tumaki, don tunatar da su cewa kiwo aka ba su. Saboda haka idan Bature ya ce ma'aikatansa sandarsa ce, ana iya jin abu biyu: mutanen da ke ƙarƙashin sandarsa, ko mutanen da idan suka janye zai faɗi.

Mu ma mun mayar da sanda mutum, amma ta wata ƙofar muka bi. Mun ce ɗan sanda.

Na daɗe ina faɗin wannan suna ban taɓa tsayawa na saurare shi ba. Kafin Turawa, masu tsaron sarki da kama mai laifi dogarai ne, kuma ni a kunnena dogari da dogaro 'yan ɗaki ɗaya ne. Zamanin En'e aka sami 'yan doka, masu amsa umarnin sarki, har zuwa lokacin da mulkin soja ya narkar da su cikin rundunar tarayya bayan 1966. Su kuwa na gwamnati, waɗanda aka haɗe na Kudu da na Arewa suka zama runduna ɗaya a 1930, talaka ya dube su ya ga abin da ke hannunsu, ya raɗa musu suna da shi. Wancan ɗan doka ne, wannan ɗan sanda ne. Sunan da ya rayu shi ne na kulkin. Har a Nijar, inda Faransawa suka yi mulki, sunan nan ne a bakin Bahaushe. Ba na ganin haɗari ne. Jama'a ba sa kuskure wajen sa wa hukuma suna, abin da ya taɓa fatarsu shi suke kamawa.

Turawan ma suna da irin wannan. Akwai wani jami'in kotu da suke kira tipstaff, sunan da asalinsa na sandarsa ne mai ƙarfe a baki, wadda yake nunawa idan ya zo kama mutum, kuma har yau muƙamin yana nan a babbar kotun Landan. Ɗan sanda ke nan kai tsaye. Lokacin da Robert Peel, ministan cikin gida na Birtaniya, ya kafa rundunar tsaron Landan a 1829, kulkin icce aka ba su, aka sa musu shuɗin kaya don kada a ɗauke su sojoji. Har yanzu yawancin waɗanda nake gani suna sintiri a titin unguwarmu ba sa ɗauke da bindiga, sai sanda mai naɗewa a ƙugu da ankwa da rediyo. A gida kuwa mai sunan sandar ya daɗe da ajiye ta, bindiga ce rataye a kafaɗarsa a kowane shinge daga Zariya zuwa Funtuwa. Kada a ɗauka ina wanke na nan ne. Shi kansa tsohon da nake kula da shi ya ba ni labarin abin da ya faru a Orgreave, wani wuri a arewacin Ingila, a watan Yunin 1984, lokacin yajin aikin masu haƙar kwal, inda aka sako dawaki da kulake a kan mutane, kuma iyayen wasu ɗalibansa na cikin waɗanda suka yi yajin. Idonsa ya kawo ruwa yana faɗa. Sanda a hannun hukuma ko'ina tana iya sauka a kan talaka.

Kuma ba na raina ɗan sandanmu. Kawuna ya yi shekara 35 cikin kaki, na san ɗakin barikin da ya tarbiyyantar da 'ya'ya bakwai a ciki, na san yadda yake sayen takalmin aiki da kuɗin aljihunsa. Abin da ke damuna shi ne, muna rubuta "ɗan sanda abokin kowa" a bango, amma yaro ɗan shekara biyar idan ya yi ƙiriniya da ɗan sanda uwarsa ke tsorata shi. Sandar da muka gada daga hukuma gefen dukanta kawai muka sani.

Daga nan tunanina ya kai ga sandar girma, wadda ita ce ta fi ci mini rai. Yau idan aka naɗa sarki, labarin ba ya cika sai an ce gwamna ya miƙa masa sanda, a fili, gaban dubban mutane, da algaita da bindigogin 'yan baka. Yara masu tasowa suna ɗauka haka abin yake tun kaka da kakanni. Alhali kowace masarauta tana da kayan sarautarta da suka girmi wannan biki: tagwayen masu a Kano, takobin nan Gajere a Katsina, takobin da ake dangantawa da Bayajidda a Daura. Zamanin jihadi kuma tuta Shehu ya ba wa waɗanda ya aika. Sandar da ake miƙawa da daraja ta ɗaya da ta biyu, tsarin Gwamna Lugga ne. Bayan an ci Kano da Sakkwato a 1903, sarkin da Turawa suka amince da shi sai ya yi rantsuwar biyayya ga Sarkin Ingila, a ba shi takardar naɗi, a ba shi sanda, mai kan azurfa ga manyan sarakuna, mai kan tagulla ga waɗanda ke biye da su. Saƙon a bayyane yake: wanda ya ba ka yana iya karɓewa. Turawa suka tafi a 1960, ikon ba da sandar ya zauna a gidan gwamnati, ya bi hannun firimiya, ya bi na gwamnonin soja, ya iso na farar hula. Abin da ya faru a Kano kowa shaida ne: aka ƙirƙiro sababbin masarautu huɗu a 2019, aka tuɓe sarki a watan Maris na 2020, wata gwamnatin ta zo a 2024 ta warware ta mayar da shi, magana ta koma kotu. Ko wane ɓangare mutum yake goyon baya, abu guda bai canza ba tun daga Lugga, wato hannun da ke miƙa sandar ya fi hannun da ke karɓarta ƙarfi.

Da na zauna a ƙasar nan sai na ga su ma sun cika gidan mulkinsu da sanduna, sun ma fi mu. Akwai mai muƙamin Sandar Zinariya, akwai na Sandar Azurfa, masu tsaron lafiyar sarki a wajen biki. Amma biyu daga cikin al'adunsu sun tsaya mini a zuciya.

Ta farko ranar buɗe majalisa ce. Sarki yana zaune a zauren dattawa, sai ya aiki jami'in da ake kira Baƙar Sanda ya kirawo wakilan jama'a. Da ya doshi ƙofarsu sai a banko ta a fuskarsa. Dole ya tsaya a waje ya ƙwanƙwasa sau uku da gindin sandar, har icen ƙofar ya lotsa saboda shekarun da aka yi ana bugunsa, sannan a buɗe. Ana danganta wannan da abin da ya faru a 1642, lokacin da Sarki Charles na ɗaya ya shiga zauren da dakaru a bayansa don ya kama wakilai biyar, ya tarar sun sulale. Tun daga ranar ba sarkin da ya sake taka zauren ana cikin zama. Duk shekara suna maimaita wa kansu cewa akwai ƙofar da sandar sarki ba ta buɗewa sai da izini.

Ta biyu na gan ta ne da idona a talabijin ɗin falon gidan tsofaffin nan, ranar 19 ga Satumba 2022, ranar jana'izar Sarauniya Elizabeth ta biyu. Mun jera kujerun tsofaffin a gaban allon, wasu da bargo a cinya, ba mai tari. A cocin da ke fadar Windsor aka ɗauke kambi da sandar mulki daga kan akwatin gawar aka ajiye gefe. Sannan shugaban ma'aikatan fadarta, Lord Parker, ya fito da wata siririyar farar sanda, alamar muƙaminsa, ya raba ta biyu ya ɗora a kan akwatin, aka binne ta da ita. Hidimarsa gare ta ta ƙare, sandar ma ta ƙare. Wata tsohuwa kusa da ni ta kama hannuna ta matse. Ni Musulmi ne, a wajenmu likkafani kawai mutum ke tafiya da shi, amma na fahimci abin da ake faɗa: muƙami aro ne.

Ga inda nake jin ciwo. Mutanen da suka san a rufe wa sandar sarkinsu ƙofa, su ne suka zo ƙasarmu da bindiga mai ruwa, suka yi yaƙin Burmi a 1903, suka shafe garin Satiru a 1906, sannan suka raba sanduna. Sun kawo mana sandar, ƙofar da ake rufe mata kuwa suka bar ta a gida. Mu kuma shekara sittin da ɗoriya bayan tafiyarsu ba mu sassaƙa tamu ƙofar ba. Ko sandar majalisa da muka kwafo, wadda idan ba ta kan tebur zama ba ya halatta, ta zama abin wawaso. A watan Afrilun 2018 wasu 'yan daba suka kutsa zauren majalisar dattawa a Abuja ana tsakiyar zama suka sungume ta, washegari aka tsince ta a ƙarƙashin gada. A Disambar wannan shekarar wani ɗan majalisa a Landan shi ma ya ɗauki tasu don fushin an ɗage ƙuri'a kan ficewa daga Tarayyar Turai. Kafin ya kai ƙofa ma'aikata suka karɓe ta daga hannunsa suka mayar mazauninta, aka kore shi daga zaman ranar, aiki ya ci gaba. Iccen da ƙarfen duk ɗaya ne. Abin da ya bambanta shi ne yawan mutanen da suka yarda cewa akwai iyakar da ba a tsallakewa.

Amma kada in bar mai karatu da zaton cewa zama sanda a Ingila abin daɗi ne. Tun da aka buɗe wa masu kula da tsofaffi hanyar biza a farkon 2022, 'yan Najeriya da yawa suka shigo, ni ma a cikinsu nake. Takardar zamanka a ɗaure take da wanda ya ɗauke ka aiki. Idan ya sallame ka ko aka soke lasisinsa, kwana 60 ake ba ka ka nemi wani ko ka tattara. A Maris na 2024 aka hana sababbin zuwa kawo iyali, a 2025 kuma aka rufe ɗauko ma'aikatan daga waje. Wurin da na fara aiki kafin wannan, an yi mini alkawarin awoyin da ban taɓa samun rabinsu ba, kuma ba halin ɗaga murya. Kullum za ka ji manaja na kukan ƙarancin ma'aikata, yana faɗin kalmar kamar yana maganar ƙarancin safar hannu ko sabulu. A nan na gane ɗaya illar sunan. Sanda ba ta gajiya, ba ta da uwa a asibiti, ba ta da Sallah. Idan ta tsage a jefar a yanko wata. Bahaushe ya riga ya faɗa, a ci moriyar ganga a ya da kwaurenta. A wannan gaɓar kalmarmu ta fi tasu mutunci. Mun ce ma'aikaci, mai yin aiki, mutum ne da hannu da suna. Ba mu kira shi da sunan kayan da maigida ke riƙewa ba.

Kuma Hausa ba ta rasa gefen dogaro ba, hukuma ce kawai ba ta ɗauke shi ba. Muna da sunaye da yawa don mun san sanda ba iri ɗaya ba ce: kulki na duka ne, gora ta faɗa ce da tsaron gida, kere na jifan zomo ne, tsumagiya ta horo, kwagiri na dattijo, kandiri na sarki. Dubi Bafulatani a bayan shanunsa, ya gicciya sanda a wuya ya rataya hannuwa biyu a kanta. Zai yini da garke bai kai wa saniya duka ba, ɗaga sandar kawai yake yi ko ya taɓa ƙaho, sauran aikin da murya ne. Dubi makaho da ɗan jagoransa, kowa riƙe da baki ɗaya. Dubi liman ranar Juma'a a kan mumbari, ba wanda ya taɓa jin tsoron sandar da ke hannunsa, dogarawa yake yi yana yi wa mutane nasiha. A cikin suratu Ɗaha, da Allah ya tambayi Annabi Musa, alaihis salam, abin da ke hannun damansa, amsar da ya bayar ta fara ne da cewa yana dogara a kanta, sannan yana kaɗo wa tumakinsa ganye da ita, sannan akwai wasu buƙatun. Dogaro ya fara ambata, ciyarwa ta biyo. Duk wani sarki ko gwamna ko ɗan sanda da ya taso a ƙasar Hausa ya ji wannan ayar tun yana ƙarami a gaban malam. Ba sai mun je Windsor neman darasi ba. Ni abin da nake so in gani shi ne ranar da za a miƙa wa mutum sandar girma, masu kallo su tambaya ko gajiyayye zai iya jingina da ita, kafin su tambayi darajarta ta nawa ce.

Na ce maganar tsohon ba ta bar raina ba, amma ban faɗi ainihin dalilin ba. Mahaifina ya shiga shekara saba'in da takwas. Bara ya zame a bakin rijiya, ƙugunsa ya bugu, tun daga nan tafiya zuwa masallaci ta zama aiki. Ni ne babban ɗansa namiji. A ƙa'idar gidanmu ni ya kamata in riƙa tsayawa ta hagunsa da asuba. Ga ni nan kuwa, nisan tafiyar jirgi ta awa shida da wani abu, ina ƙirga ɗaya, biyu, uku da uban wani, wanda nasa 'ya'yan ke zuwa duba shi ranar Lahadi da furanni a hannu. A da ina yi musu kallon marasa tausayi. Yanzu na daina, don su ko ba komai suna zuwa ranar Lahadi. Kuɗin da nake turawa su suka biya hoton ƙashi da magani, su ke riƙe da karatun ƙannena biyu, kuma kowa a gida yana sa mini albarka. Duk da haka kuɗi ba sa tallafar bayan mutum idan zai tashi daga buzu.

Ranar Juma'ar da ta wuce na kira shi bayan na taso daga aikin dare. Muka gaisa, na ce, "Baba, yaya ƙafar?"

Ya ce, "Da sauƙi, alhamdulillahi. Ƙanenka ya sa an sassaƙo mini kwagiri a kasuwar Laraba. Na ƙi ta da farko, sai na ga ba girma ba ne mutum ya faɗi a gaban jikokinsa."

Na ce, "Allah ya ƙara lafiya, Baba. Da ina nan da ba ka buƙace ta ba."

Ya yi shiru kaɗan, ina jin kukan awaki a bayansa. Sannan ya ce, "Wancan tsohon da kake ɗagawa, ka riƙa yi a hankali, kada ka fizge shi. Ƙashin tsoho ba ya son gaggawa." Ya tambaye ni ko na yi sallar asuba a kan lokaci, na ce na yi. Ya ce in je in kwanta.